Mutumin Afganistan da Ƙissoshin Hindu a Finafinan Indiya: Tarke Daga Gidajen Kallo na Kudancin Kano

Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan takarda wani ɗan abu ne da na daɗe ina lura da shi a gidajen kallo na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Mai kallo a can yakan raba finafinan Indiya gida biyu ba tare da ya san ya raba ba. Idan aka sa fim wanda tauraronsa Musulmi ne mutumin Afganistan, mai rawani da gemu da doki, sai a karɓe shi hannu bibbiyu, har a riƙa ambatonsa kamar ɗan gida. Idan kuwa aka sa wanda aka ɗauko kai tsaye daga Ramayana ko Mahabharata, watau manyan waƙaƙƙun ƙissoshin nan biyu na mabiya addinin Hindu, da zarar an ga mai shuɗin jiki da kambin zinariya sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan na tsafi ne. Abin da takardar nan take so ta nuna shi ne, waɗannan iri biyu da ake gani kamar ruwa da wuta, tsatsonsu ɗaya ne, domin a kan ƙirar jaruman ƙissoshin nan aka ɗinka wa mutumin Afganistan na fim rigarsa. Rashin gane haka a da bai cuci kowa ba, amma yanzu ya soma zama abin da ya kamata malami ya damu da shi.

Ba ni ne na fara taka wannan fage ba. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 cikin mujallar Africa, da kuma littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda Bahaushe ya tarar a fim ɗin Indiya da wata duniya wadda ba ta Turawa ba ce, ba kuma tasa ba ce, amma tana kama da tasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuwa ya bi sawun waƙoƙi da labaran da masu shirya finafinan Hausa suka aro daga can. Sai dai abin da ya fi jan hankalin manazarta shi ne soyayya da auren dole da rawa da waƙa. Ni kuwa a wuraren da na zauna, abin da na ji magidanta suna ta maimaitawa bayan an tashi shi ne alkawari da amana da 'yan ubanci. Ta wannan ƙofa nake so in shiga.

Yadda Fim ya Iso, da Yadda Aka Karanta Shi

Sinima abin birni ce. A Kano an buɗe Rex a 1937, Palace kuma daga baya, kuma a shekarun 1950 ne fataken Kwara masu gidajen sinima suka soma shigo da finafinan Indiya. Mutumin ƙauye abin da ya sani shi ne majigin gwamnati. Wanda ya ga fim ɗin Indiya shi ne direba ko ɗan kasuwa ko ɗan makarantar da ya kwana a Kano ko Zariya, ya dawo yana ba da labari a dandali. Daga baya talabijin ta zo, sa'an nan bidiyo da janareta suka kafa gidajen kallo a garuruwan bakin hanya, irin su Kwanar Ɗangora da Tiga da Tudun Wada, har can Riruwai bayan an ratsa dajin Falgore. Bayan kaset sai faifai, bayan faifai sai wayar hannu da masu tura fim a cikinta.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe a nan. Kafin zuwan finafinan fassara, mafi yawan masu kallon nan ba su jin harshen Hindi. Da ido suke karanta fim, watau ta sutura da fuska da sautin kiɗa, sa'an nan da 'yan kalmomin Larabci waɗanda suka shiga harshen Urdu kamar yadda suka shiga Hausa. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane duniya da zamani da niyya da wa'adi da amana, ko da an ɗan karkata su. To, babu wanda ake cusa wa irin waɗannan kalmomi a baki kamar mutumin Afganistan, wanda Indiyawa suke kira Patan, watau ɗan ƙabilar Pashtun. Saboda haka a cikin dukan mutanen fim shi ne kunnen Bahaushe ya fi ji, shi ne kuma idonsa ya fi ganewa. Yana sallama, yana ɗaga hannu yana addu'a, yana rantsuwa da Allah. Ba abin mamaki ba ne da aka ɗauke shi ɗan'uwa.

Ƙissoshin Biyu

Tilas in ɗan tsaya a kan ƙissoshin kansu, domin ba kowa ne a cikinmu ya taɓa bin su ba. Ramayana, wadda ake danganta wa Valmiki, tana da baitoci kimanin 24,000. Sarki Dasharatha na Ayodhya yana da mata uku. Ya taɓa yi wa ɗayarsu, Kaikeyi, alkawarin zai biya mata bukata biyu duk ranar da ta nema. Ana gobe za a naɗa babban ɗansa Rama, wanda ɗan kishiyarta ne, sai wata makirar baiwa mai suna Manthara ta zuga ta, ta nemi a naɗa ɗanta Bharata, a kuma kori Rama zuwa daji shekara 14. Rama ya tafi don kada maganar ubansa ta faɗi ƙasa, matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana suka bi shi. Bharata ya ƙi hawa gadon, ya ɗora takalman wansa a kai, ya riƙe ƙasa da sunansa. A dajin ne Ravana, sarkin Lanka, ya sace Sita, aka yi yaƙi aka karɓo ta. Duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ko uku a ƙasar Hausa, in aka cire masa sunayen nan aka ba shi labarin, zai rantse a unguwarsu aka yi: ga kishi, ga tsohuwa mai kai gulma, ga 'yan uba, ga gadon sarauta.

Mahabharata kuwa, wadda ake danganta wa Vyasa, ta ninka waccan wajen sau huɗu. Yaƙi ne tsakanin 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙane, Pandawa su biyar da Kaurawa su ɗari, a kan wa zai hau gadon kakanninsu, wanda ya ƙare da gwabzawar kwana 18 a filin Kurukshetra. Bakano ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa haka yake: Tukur ɗan Sarki Bello, Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, Bello da Abdullahi kuwa dukansu 'ya'yan Ibrahim Dabo ne. A cikin Mahabharata akwai mutane biyu da za mu sake gamuwa da halinsu. Akwai Bhishma wanda ya yi rantsuwar ba zai yi aure ba, ba zai yi sarauta ba, ya kuma mutu a kan rantsuwarsa. Akwai Karna wanda ya tsaya wa abokinsa Duryodhana har ajalinsa, duk da ya san 'yan'uwansa na jini suna ɗaya ɓangaren.

Sana'ar fim a Indiya a kan irin waɗannan ƙissoshi ta buɗe ido. Fim ɗinta na farko mai tsawo, Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke a 1913, labarin wani sarki ne da ya sarayar da mulki da mata da ɗa don kada ya saɓa maganarsa. Daga nan aka sami hanya biyu. Akwai masu kawo ƙissar a fili da kayanta na ibada, kamar Ramayan na Ramanand Sagar da aka nuna a talabijin ɗin Indiya daga 1987 zuwa 1988 cikin kashi 78, da Mahabharat na B. R. Chopra daga 1988 zuwa 1990 cikin kashi 94. Akwai kuma masu tuɓe mata kambi su sa mata kwat da wando. Na farkon ne mai kallonmu yake gudu. Na biyun kuwa ya haddace su. Hum Saath-Saath Hain na 1999, wanda da wuya a sami gidan da ba a kalle shi ba, Ramayana ce zalla: matar uba da ƙawaye suka zuga, babban ɗa da ya bar gida da matarsa ba tare da musu ba, ƙane ɗaya ya bi shi, ɗaya kuma ya ƙi zama a kujerarsa. Har sunan uban gidan ma Ramkishan ne. Karan Arjun na 1995 bai ko ɓoye sunayen ba, kuma a kan aƙidar dawowa duniya bayan mutuwa aka gina shi, amma ban taɓa ganin an tashi an bar shi ba.

Rahmat, Sher Khan da Badshah Khan

Tsohon hoton mutumin Afganistan a adabin Indiya na zamani shi ne na Kabuliwala, gajeren labarin da Rabindranath Tagore ya rubuta a 1892, aka mai da shi fim a harshen Bengali a 1957, sa'an nan a harshen Hindi a 1961 inda Balraj Sahni ya fito a matsayin tauraro. Rahmat falke ne daga Kabul, yana tallar busassun 'ya'yan itace a Kalkata, yana kuma ba da bashi. Ya shaƙu da wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Mini saboda tana tuna masa da 'yarsa da ya baro gida. Wani ya ci bashinsa ya musa, ya daɓa masa wuƙa, aka ɗaure shi shekaru. Ranar da ya zo gidan su Mini bayan ya fito, ranar ce ake aurar da ita, ba ta ma gane shi ba. Sai ya zaro wata tsohuwar takarda mai shatin tafin hannun 'yarsa, a nan ne ya tuna ita ma ta girma ba ya nan. A ganina wannan shi ne mafi gaskiya a cikin hotunan da zan ambata, kuma shi ne mafi kusa da tarihin wannan yanki. Bebeji garin Agalawa ne, fataken goro masu zuwa Gwanja, a nan aka haifi Alhasan Ɗantata a 1877. Gidajen da suka san mutum ya tafi fatauci ya bar jariri ya dawo ya tarar da saurayi ba sa bukatar a fassara musu takardar Rahmat. Abin takaici, shi ne kuma wanda aka fi ƙarancin gani a gidajen kallo, domin ba shi da launi, ba shi da faɗa.

Wanda aka gani shi ne Sher Khan na Zanjeer, 1973, wanda Pran ya fito a matsayinsa. Mai gidajen caca ne, ya gwada ƙarfi da ɗan sanda Vijay, watau Amitabh Bachchan, ba wanda ya ka da wani, sai ya rufe gidajen cacarsa ya ba da kansa ga abota har ƙarshe. Wannan shi ne gurbin Karna, kuma shi ne gurbin Hanuman a Ramayana, watau baƙo mai ƙarfi daga wata al'umma wanda darajarsa a cikin labari ita ce biyayyarsa ga tauraro. Ba a nuna mana gidansa, ba a nuna mana garinsu, ba shi da wata bukata tasa ta kansa. A 1975 Feroz Khan, wanda mahaifinsa asalinsa mutumin Afganistan ne, ya ɗauki Dharmatma a can ƙasar, abin da ba a saba yi ba a finafinan Hindi. Amma labarin daga The Godfather na Amurka aka aro shi, Afganistan kuwa fili ce kurum da aka ba tauraro ya yi gudun hijira daga ubansa, ya yi soyayya, ya hau doki a wasan buzkashi, inda mahaya suke kokawar ɗauke gawar akuya ko ɗan maraƙi su jefa a da'ira.

A Khuda Gawah na 1992 ne, wanda Mukul Anand ya ba da umarni, Patan ya tashi daga gefe ya zama tauraro, kuma a nan nake so in daɗe. Ma'anar sunan ita ce Allah ne shaida. Badshah Khan, watau Amitabh Bachchan, ya ga Benazir, watau Sridevi, a filin buzkashi. Ta ce ba za ta aure shi ba sai ya kawo mata ƙarshen Habibullah wanda ya kashe ubanta, wanda kuma yake tsare a Indiya. Ya je ya aikata, shugaban gidan kurkuku, ɗan ƙabilar Rajput, ya rutsa shi. Sai Badshah ya roƙi a ba shi wata ɗaya ya je ya yi aure, ya yi alkawarin zai dawo da ƙafarsa. Ya dawo. Aka ɗaure shi, daga baya ya sake ɗaukar laifin da ba nasa ba don ya rufa wa wata mata asiri, ɗaurin ya ƙaru da shekaru masu yawa. Matarsa tana can tana jira har hankalinta ya gushe, amininsa Khuda Baksh yana tsaron gidan, 'yarsa ta girma ba ta san fuskar ubanta ba, har ta tsallako Indiya nemansa.

In muka ajiye rawani da doki gefe guda, me ya saura? Mutum ya bar gida da mulki da amarya shekara da shekaru saboda kalma ɗaya da ta fita daga baki, wannan Rama ne. Matar da ta kulle kanta tana jiran miji, wannan Sita ce. Wanda aka bar wa gida ya riƙe shi bai ɗauki ko tsinke ba, wannan Bharata ne da takalman wansa. Ɗa da ya girma nesa da uba sai daga baya suka gamu, haka Lava da Kusha, tagwayen Rama, suka yi. Har ma fim ɗin ya sa Patan da Rajput suna auna juna da ma'auni ɗaya, watau wa ya fi riƙe magana, abin da yake nuna mana cewa a idon mai shirya fim su biyun ƙabila ɗaya ce ta mayaƙa, irin wadda ƙissoshin suke yabo.

Za a iya cewa da ni, kuma da gaskiya, ai Bahaushe yana da nasa mabuɗin wannan labari ba sai ya je Ayodhya ba. A adabin Larabci akwai ƙissar mutumin da Sarki Nu'umanu ɗan Munziru ya yanke wa hukuncin kisa, ya nemi a bar shi ya je ya sallami iyalinsa, wani ya tsaya masa, ya kuma dawo ranar wa'adi. Masu wa'azi ma suna ba da makamanciyarta a kan wani saurayi a zamanin Sayyidina Umar. Kuma tun kafin fim muna cewa alkawari kaya ne. Na yarda da wannan duka, shi ya sa ma ban ce mai kallo ya yi kuskure da ya ji fim ɗin a ransa ba. Kogi biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya. Ba kuma yau aka fara ba, domin Kalila wa Dimna da malamanmu suke karantawa asalinsa Panchatantra ne na Indiya, ta hanyar Farisanci ya shiga Larabci a hannun Ibnul Muƙaffa a ƙarni na 8, kuma yana cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebo ruwan Magana Jari Ce. A can Bombay ɗin ma ruwan a gauraye yake, tun da Musulmi ne, Rahi Masoom Raza, ya rubuta maganganun Mahabharat na Chopra. Kuskuren yana wani wuri dabam, watau a ɗaukar Badshah Khan a matsayin shaida a kan yadda mutanen Afganistan suke.

Dubi lokacin da aka yi fim ɗin. An ɗauki sassansa a Kabul da Mazari Sharif ƙarƙashin kariyar gwamnatin Najibullah, shekaru kaɗan bayan ficewar sojojin Tarayyar Sobiyet a 1989, waɗanda suka shiga ƙasar tun 1979. Gwamnatin nan ta faɗi a watan Afrilu na 1992, fim ya fito a watan Mayu. Ƙasa ce da miliyoyin 'ya'yanta suke gudun hijira a Pakistan da Iran. A cikin fim ɗin kuwa babu yaƙin nan ko kaɗan, babu makaranta, babu ma'aikaci, babu Tajik ko Hazara ko Uzbek a matsayinsu na al'ummu dabam, sai tsauni da takobi da ɗaukar fansa, kamar dai a yi fim a kan Kano a nuna hawan daushe kaɗai a ce an gama. Rambo III na 1988, wanda shi ma ya ci kasuwa a gidajen kallo, bai fi shi ba, illa dai shi ya mai da mutanen ƙasar 'yan rakiyar Ba'amurke. Finafinan da suka dubi talakan Afganistan da idon basira, irin su Kandahar na Mohsen Makhmalbaf ɗan Iran a 2001, da Osama na Siddiq Barmak ɗan ƙasar a 2003, labarin yarinyar da aka yi wa shigar maza don ta nemo wa uwarta da kakarta abinci a zamanin mulkin Taliban na farko, ban taɓa cin karo da su a gidan kallo ko a wajen masu tura fim ba. Ba su da ekta, ba su da bos, in ji 'yan kallo, to me za a kalla?

Da Gurbi ya Sauya

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce ruɗu ne mai daɗi wanda bai ɓata wa kowa suna ba. Amma ƙissar da take da gurbin Rama tana da gurbin Ravana, kuma wanda aka sa a na farko don ya dace da bukatar wani zamani ana iya mai da shi na biyu in bukata ta sauya. Ita kanta Mahabharata ta tanadi fuska biyu ga mutanen wannan kusurwa. Gandhari, uwar Kaurawa, 'yar sarkin Gandhara ce, tsohuwar ƙasar da take a yankin Peshawar da gabashin Afganistan na yau. Da ta ji mijin da za ta aura makaho ne sai ta ɗaure idanunta har ƙarshen ranta. Ɗan'uwanta Shakuni kuwa shi ne maha'incin da ya cinye Pandawa a caca ya kunna wutar yaƙi.

Shirin Ramayan na 1987 ya tara jama'a a gaban talabijin kowace safiyar Lahadi yadda ba a taɓa gani ba a Indiya. A 1990 L. K. Advani na jam'iyyar BJP ya tashi daga Somnath ya nufi Ayodhya cikin motar da aka yi wa ado kamar karusar ƙissa, ran 6 ga Disamba 1992 kuma, a cikin shekarar da Khuda Gawah ya fito, aka rushe Masallacin Babri. Ban ce shirin talabijin ne ya rushe masallaci ba. Amma wadda ta fito a matsayin Sita, Deepika Chikhalia, da wanda ya fito a matsayin Ravana, Arvind Trivedi, dukansu sun ci zaɓen majalisar ƙasa a 1991 a ƙarƙashin wannan jam'iyya, shi ma Arun Govil, watau Rama, ya ci nasa a 2024. Ke nan ƙissar ta fito daga akwati ta shiga siyasa, kuma ba ta koma yadda take ba.

Sakamakon yana nan a finafinan baya-bayan nan. A Padmaavat na 2018 an buɗe labari a Afganistan, aka nuna Sarki Alauddin Khilji yana yagar nama kamar kura, ya kewaye birnin Chittor don ya ƙwace matar wani. Wannan Ravana ne da Sita, ba sai an faɗa ba. A Panipat na 2019 Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka daɗe da yi wa laƙabi da Ɗan Daba Mai Lasin, ya fito a matsayin Ahmad Shah Abdali, mutumin da 'yan Afganistan suke ɗauka shi ya kafa ƙasarsu a 1747, aka nuna shi mahari mai zubar da jini, har mutanen ƙasar suka yi ta ƙorafi. Rawanin nan dai shi ne, gemun nan shi ne, rantsuwar nan ita ce, gurbin ne kawai ya sauya.

A daidai wannan lokaci ne kuma fassara ta kama kasuwa a wajenmu, ta hannun kamfanoni irin su Algaita a Kano. Yanzu Patan ba shi kaɗai ne kunne yake ji ba, kowa a fim Hausa yake yi, har da karin maganar bakin kasuwa. Na sha jin mai fassara ya mai da sunan abin da ake roƙo a ɗakin ibada ya koma Ubangiji ko abin bauta, don kada mai kallo ya ji ƙyama, wani lokaci kuma a datse wurin gaba ɗaya. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da iyaye, da malamai, abin da aka fi sa wa ido shi ne tsiraici da rawa da gunki, watau abin da ido yake gani. Ana iya datse gunki da almakashi. Rabon gurabe kuwa, watau wa aka ba haske da kiɗa mai taushi, wa aka ba duhu da kwalli a ido, wannan ba ya datsuwa, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Saboda haka nake ganin ɗalibin da muke koya wa nazarin wasan kwaikwayo da fim a kwalejojin ilimi yana bukatar ya san zubin Ramayana da Mahabharata a matsayin adabi, kamar yadda yake sanin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba tare da an ce ya yi imani da Gizo ba.

Na gwada wannan da wasu ɗalibaina, cikinsu har da 'yan Bebeji, da fim ɗin Kesari na 2019. Labarin faɗan Saragarhi ne na ran 12 ga Satumba 1897, inda sojoji 21 'yan Sikh na rundunar Ingila ta Indiya suka tsare wata 'yar ganuwa a kan dubban mayaƙan Afridi da Orakzai, dukansu Pashtun, har aka kashe su duka. An buɗe fim ɗin da wani malami mai rawani zai sa a fille kan wata mata, tauraro Akshay Kumar ya cece ta. Don a yi adalci, an kuma nuna sojojin nan suna taya talakawan ƙauye gina masallaci. Ɗalibai suka bi tauraro da zuciya ɗaya, kamar yadda aka shirya su bi, suna murna duk sa'ad da wani mai rawani ya faɗi. Da aka gama sai na tambaye su ganuwar nan ta wace ce, a ƙasar wa aka gina ta, su kuma masu harin me suke nema. Sa'an nan na tuna musu cewa bayan faɗan nan da shekara biyar da 'yan watanni, rundunar Kanar Morland, wadda hafsoshinta Turawa ne amma sojojinta baƙaƙen fata, cikinsu har da Hausawa, ta taso daga Zariya ta nufi Kano. A Bebeji aka rufe mata ƙofa, ta fasa ƙofar da igwa, aka kashe sarkin garin da wasu mutanensa, ta wuce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903.